Na Ci Tuwon Mutum Biyu a Lyon

A shekarun tamanin ni ƙato ne ɗan Tawa, ina dakon cinyar sa a kasuwar Rungis, ina kwana a Aubervilliers. Lekwal, wato makarantar boko, shekara guda na yi, ita ma rabinta a bayan katanga. Abin da nake taƙama da shi kokowa. A gida na taɓa kayar da wani siririn yaro a wasan kaka, amma kafin labarin ya iso Paris a bakina, ya zama zakarun Adar duka na zubar. 'Yan'uwa suka gaskata, har idan na shigo ɗaki ana matsa mini wuri. Wannan suna shi ne duk dukiyata a Turai.

Tsohon da ya samo mini aiki mutumin Damagaram ne, ya auri Bafaransa, ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Yarinyar tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kullum ɗaga su take daga gado zuwa kujera, har bayanta ya riƙe. Lokotoro ya ce ta riƙa ɗaga ƙarfe kaɗan-kaɗan. Baya ya warke, amma ƙarfe bai sake ta ba. Tana tashi aiki sai ɗakin ƙarfe, yau ƙafa, gobe kafaɗa, jibi baya, kamar mai gyaran tsohuwar mota. Ni da ake biya na in ɗauki kaya, ga wata ita ke biya a bar ta ta ɗauka, ta ajiye inda ta ɗauko. Abincinta kuwa ko akuya sai ta yi tunani: ƙirjin kaza dafaffe ba gishiri ba yaji, farin ƙwai an zubar da gwaiduwa, da shinkafa fara ƙal. Duk wannan wahala don ta hau dandali ta shafe jiki da mai, ta murɗe hannu, wasu Nasara masu tabarau su ba ta lamba. Ba a kama kowa, ba a kayar da kowa, ba ko makaɗi. Nakan ce mata ƙarfin kallo ne, ita kuma takan ce mini Kawu, ta yi murmushi.

Da gasarsu ta Lyon ta zo, tsohon ba lafiya, sai ya roƙe ni in raka ta. Ya sama mana masauki a Vaulx-en-Velin, gidan wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shigo da atamfa, can ƙololuwar bene. Tun a jirgin ƙasa ta gaya mini kwanakin nan na ƙarshe ba ta taɓa gishiri ko mai, ruwa ma kurɓa take, in ba haka ba jiki ya kumbura, wahalar watanni ta tashi banza. Ta ce mu gaya wa masu gida. Na ce Allah ya kiyaye, ni Sarkin Ƙarfi a ce na rako mace nuna dantse? Na sa ta saka zumbuleliyar riga, muna isa na ce wa Alhaji jarrabawar aikin likita ta zo yi.

A nan na haƙa wa kaina rami. Hajiya matarsa na jin jarrabawa, ta dubi kumatun yarinyar da suka faɗa, ta ce wallahi ba 'yar da za ta shiga jarrabawa da yunwa daga gidanta. Ta ɗora tukwane. Ku kun san mu, baƙo ya mayar da kwano cike ai ya zagi gida. Sai muka yi dabara: in ci nawa da Alhaji a falo, sa'an nan in shiga wai zan yi wa 'yata nasiha, in cinye nata, ita tana gefe tana tsintar kazarta daga cikin roba. Hajiya ta ga kwano tas, ta ce ashe 'yar kunya ce kawai take ji, ta ƙara mudu. Tuwon shinkafa da miyar kuka, dambu, kilishin da aka aiko daga gida, fura mai kauri. Alhaji kuma yana tura mini loma, yana cewa ɗan kokowa ba ya ƙoshi, in ba shi labarin Adar. Yarinyar ta ce Kawu ka bari, za ka fashe. Na ce cikin da ya saba da sa ba ya tsoron dambu.

Ranar gasar da safe na miƙe zan yi alwala, sai cikina ya ɗaure kamar an ja igiya. Na faɗi a bakin ƙofa ina nishi, gumi na zuba. Asansar, na'urar hawa da sauka bene, ta lalace, Alhaji tsoho ne mai tumbi, bai iya ɗaga ko ƙafata ba. Yarinyar ta dubi agogo, ta dube ni, ta naɗe hannun riga. Hajiya ta ga dantsen ta yi salati. Kafin in ce a'a ta saɓa ni a kafaɗa daidai yadda nake saɓa cinyar sa, ta kama matakala. Lahadi ce, kowa yana gida. Kowane hawa ƙofa na buɗewa, har da ɗalibai 'yan Nijar da daren jiya suka zo gaida zakaran Adar. Ɗayansu ya tambaye ni, da ladabi ƙwarai, wai wannan kamun me ake ce da shi a Tawa. Na rufe ido na yi kamar na suma, ita kuwa ko haki ba ta yi, tana sauka tana gaya wa Hajiya gaskiyar komai.

Abin da ya fi ciwon cikin zafi, Hajiya ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi dafa kaza ba gishiri ai ya fi mata sauƙi, da an faɗa mata da ba ta ƙarar da kilishinta a kan ƙaton banza ba. A likita, wato asibiti, aka yi mini abin da ba zan rubuta a jarida ba. Yarinyar ta isa gasar da ƙyar, ta dawo da wani ɗan kofi da ko fura ba a iya sha da shi. Har yau ban ga amfanin wasan nan ba, kuma ba zan gani ba. Sai dai labari ya riga ni isa Paris. Daga ranar ba wanda ya ƙara matsa mini wuri, a Rungis kuwa in an sauke kaya mai nauyi sai a ce in jira a kira 'yata.

Na tsufa yanzu, abin da na gane shi ne na raina abin da ban iya ba, na kuma ji kunyar abin da mai shi ba ta ji kunyarsa ba. Ku masu raka baƙo gidan mutane, ku faɗa wa uwar gida abin da yake ci da wanda ba ya ci tun a bakin ƙofa. Ku kuma masu ƙara wa labarinku gishiri a ƙasar waje, ku rage. Ni na ƙara, kuma da kaina a ƙasa, ƙafafuna a sama, na sauko daga benen nan.