Farfelar Walƙiya

Tun yana saurayi ake kiransa Walƙiya, domin a lokacin babu ɗan fiton da yake riga shi isa ƙetaren kogi. Injin da ya jawo masa sunan shi ne har yau a maƙale a bayan jirginsa. Fentin ya koɗe, murfin da waya aka ɗaure shi, igiyar tayarwa kuwa sai an ja an sake ja. Walƙiya ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, amma bai yarda injin ya tsufa ba.

Aikinsa ɗaya ne. Kowace safiya yakan kwashi mata masu kayan lambu da kwandunansu na tumatir da albasa, ya tsallakar da su kafin motar kasuwa ta tashi. Shugabarsu yayarsa ce, ciki ɗaya, kuma albarkacinta ne matan ba su koma jirage masu sababbin injuna ba.

Ranar da tsohuwar farfelar injin, mai tura jirgin a ruwa, ta daki dutse ta karye, ya nufi rumfar bakaniken bakin ruwa, abokinsa da ake kira Baƙin Mai. Bai nemi shawara ba. Ya ɗauki wata babba mai sheƙi, irin wadda take cizon ruwa da yawa a juyi ɗaya, ya ɗaura, ya gwada shi kaɗai. Jirgin ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa har iska ta cire masa hula. Ya dawo baki har kunne.

Washegari aka yi lodi. Tun kafin tsakiyar kogi injin ya fara nishi yana aman baƙin hayaƙi, jirgin yana jan ciki, ruwa yana tura su gefe. Suka isa motar ta tafi. Tumatir ya wuni a rana ya yi laushi.

Ya ce filogi ne, ya canza. Ya ce mai ne aka gauraya, ya zubar. Ya kwance kafireta ya wanke. Kullum da yamma ya gwada, jirgi ya tashi kamar da. Da safe kuma nishin ya dawo.

Rannan da motar ta sake barin su, yayarsa ta tsaya a gaɓa ta riƙe ƙugu.

"Walƙiya, ko dai Kunkuru za mu koma ce maka?"

"Yaya, injin nan lafiyarsa ƙalau. Jiya da yamma da kin gani..."

"Da yamma muke zuwa kasuwa? Gobe in motar nan ta bar mu, jibi a wani jirgin za ka hango mu. Har da ni."

Ya koma rumfar Baƙin Mai yana huci. Ya same shi a tsugune, hannu dumu-dumu cikin wani injin.

"Da wa kake gwada sabuwar farfelar?" in ji bakaniken, bai ko ɗago ba.

"Ni kaɗai mana."

"To kanka kake yi wa fito? Ka sa wa tsohon inji babbar giya, ka ɗora masa kaya, ka ce ya hau tudu a guje."

Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo wata ƙaramar farfela, duk ta dushe.

"Wannan? Ta fankar ɗakinka ce ka ciro mini?"

"Kaɗan take ciza, inji ya samu ya numfasa. Je ka kawo matan da kayansu, a gwada da nauyin gaskiya."

Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya je gidan yayarsa ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Bayan la'asar matan suka zo da buhunan albasa, suka zauna kowa a mazauninta, suna kallonsa suna ƙunshe dariya. Ya ɗaura ƙaramar farfelar, ya ja igiya. Muryar injin ta washe, hayaƙin ya ragu, jirgin ya miƙe sak ba gudu ba nishi.

"Ka ji ko?" in ji yayar. "Ashe ba mu ne muka yi ƙiba ba."

Da safe suka isa motar tana nan, direba ma shayi yake sha. Yayar ta sauka ta ce masa, "Sai gobe."

A hanyar dawowa ba kaya, ya murɗa hannun mai yadda ya saba. Injin ya yi ta kururuwa kamar zai tarwatse, jirgin bai ƙara komai ba, dole ya sassauta. Wani matashin ɗan fito ya wuce shi, igiyar ruwansa ta jijjiga jirgin.

"Baba Walƙiya, a ja ka ne?"

Babbar farfelar tana ƙarƙashin mazauninsa, ya ƙi mayar wa Baƙin Mai. Ya sa ƙafa ya tura ta can ciki.