Littafin Fata da Yashi

Ƙyanda ta ci idon ɗiyata a shekarar da ruwan dam ya ci gonarmu. Ba ta cika shekara biyu ba.

An tashe mu daga bakin gulbi, muka koma kan tudu wajen Maradun. Ciwo ya warke, amma yarinya ta dunƙule hannu ta ƙi buɗewa. A da tana rarrafe, har ta fara dafa bango. Yanzu inda aka ajiye ta, nan za a tarar da ita. Abu ya taɓa ta, sai ihu. Uwata ta ce a bar ta a ɗaki, haka Allah ya so. 

Lokacin ina ban ruwan shuke-shuke a gidajen Turawan da ke aikin dam. Wata rana na ga jaririn wani Bature a baranda da littafi mai kauri kamar katako. An zana tunkiya a ciki, an liƙa mata gashi na gaske. Yana shafawa yana dariya. Ban iya karatu ba, amma wannan na gane shi.

Na roƙi kwalin da suka zubar. Na yanka shi gida huɗu, baduku ya ɗinke mini gefe. Shafin farko fatar akuya da gashinta. Sai auduga, sai yashin gulbi, sai guntun tabarmar kaba. Da ƙaro na liƙa su.

Uwata ta juya shi a hannu. "Wanga kuma fa?"

"Littafi ne, Inna."

"Littafi ba rubutu? Akuya dai ka ninko mana."

Ƙaron nan shi ne kuskurena. Na ajiye littafin a gindin rumbu ya bushe, cinnaku suka shige ƙarƙashin fatar. Ranar da na fara ɗora hannunta a kai, ɗaya ya cije ta. Kwana bakwai ko muryata ta ji sai ta juya baya.

Na ɓamɓare komai, na wanke, na sake kwali. Wannan karon allura da zare. Yashin na zuba shi a ƙyalle na ɗinke.

Kullum bayan la'asar in ɗora ta a cinya, in goga bayan hannunta a fatar, in ce, "Akuya." Wata guda ina yi. Ran nan yatsu suka buɗe, ta damƙi gashin ta ja. Na buɗe mata na gaba, ta matse audugar. Da muka kai na ƙarshe ta shafa kabar, ta tsaya. Sai ta sauke hannu ta shafa tabarmar da muke zaune a kai. Ta koma littafi, ta koma ƙasa.

Ta sauka daga cinyata. Ta bi tabarmar da tafin hannu har bakinta, ta taɓa ƙasa, ta wuce. Matata na daka, ta saki taɓarya.

"Malam, tana tafiya!"

"Na gani. Kada ki ɗauke ta."

Ta kai turken akuyarmu, ta kama ƙafar akuyar, ta miƙe tsaye a jikinta. Ta ce, "Kuya."

Uwata ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Kafin damina yarinya na zuwa gidan kawunta ita kaɗai, tana bin danga da hannu.

Ta girma, ta yi aure a Bakura, ita ke girkinta. Ni ina Talata Mafara yanzu, ina sayar da albasa a bakin tasha.