Yadda Na Kai Gardiye Gidan Amumune a Cikin Leda

Tasawa, biyar da rabi na asuba

Ƙanena Sani na Maroko yana tsaron raga, ni kuwa an ɗora mani tsaron aurenshi. Labari ya zo cewa Malam Idi na Gidan Amumune, uban yarinyar, ya ji ana ce wa Sani “gardiye”, ya ɗauka mai gadin ƙofar wani Balarabe ne. Inna ta ce in tahi in gyara kafin ya hana ɗiyar. Na cusa rigar Sani ta ƙungiyar ƙasa cikin leda, na shiga wata mota da ta girmi direbanta.

Hanyar Mayahi, bakwai da kwata

A shinge jandarma ya leƙo.

“Mi ke cikin leda?”

“Tarihi, ranka ya daɗe! Rigar ƙanena Sani ce, mai tsaron ragar ƙasa. Shekara ukku a kulob ɗin Maradi, huɗu a Yamai, yanzu Maroko. Akwai shekarar da ko ƙuda bai shiga ragarshi ba.”

“Ba shi aka zura ma biyar ba?”

“Ranar rana ta shiga idonshi.”

“Da dare aka yi wasan. Wuce.”

Mayahi, tara daidai

Na sha shayi da burodi, na hau kabu-kabu. Rairayi ya kada mu sau biyu, kuma duk biyun ledar na cafe, ban cafe kaina ba. Jinin gidanmu ne.

Gidan Amumune, sha ɗaya saura

Malam Idi na zaune a zaure. Aka kawo fura, na gyara murya zan fara, sai ya riga ni.

“Ɗana, abin da ya sa na so yaron nan, gardiye ne. Aikin amana. Da cikin masu bin ƙwallo da gajeren wando yake, ko akuyata ba ni ba shi.”

Na tura ledar ƙarƙashin cinya.

“Ƙofar mi yake gadi?”

“Babbar ƙofa, Baba. Faɗi gare ta, ba marfi.”

“Ɓarayi na zuwa?”

“Sha ɗaya-sha ɗaya, duk sati. Da rana tsaka, jama'a na tafa masu.”

“Subhanallahi! Da mi yake tare su? Kwari da baka?”

“Safar hannu, Baba.”

“Suna shiga?”

“Jefi-jefi.”

Na gama ganin auren ya mutu a hannuna. Can ya ce, “Na ba shi Hadiza. Allah ya sa albarka.” Muka shafa fatiha.

Ya rako ni bakin kabu-kabu, ya kama hannuna ya rage murya.

“Ka ce ma gardiye, in ɓarawo ya aje ƙwallo zai buga penalti, ya bar faɗuwa dama kullum. Duk Afirka ta gane shi. Saura kaɗan in fasa rediyona bara. Kuma rigar da ka zaune tun ɗazu, miƙo ta nan. Tawa ce.”

Tasawa, bayan la'asar

Na iso gida ba leda, ba baki. Inna ta tambayi yadda aka yi, na ce wayona ne ya ci. Godiya ga Allah da ya maido ni lafiya, da mai kabu-kabu da ya yi alkawarin rufe bakinshi. Kai kuma Sani, surukinka ya ce hagu.