Ranar da Na Ce wa Iya Injin Silima Ya Lalace

Shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, muna zaune a Sabon Garin Wudil tare da kakata, Iya Gambo. Idanunta sun riga sun tafi a lokacin, amma bakinta bai tsufa ba. Da an idar da sallar isha'i takan sa a tura kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta, ta ce, "Ga ta nan, ta ƙetaro kogi." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Layi biyu ne tsakaninmu da gidan silima. Doguwar katanga ce babu rufi, bencina a gaba, kujerun ƙarfe a baya, sai farin bangon da ake haska fim a jikinsa. Da la'asar akan zaga da allon hotuna a amalanke ana kaɗa ƙararrawa, motocin 'yan siyasa kuma na nasu da lasifika. Baffa Sule, ƙanin mahaifina, shi ke yaga tikiti a ƙofa, ran da ya ga dama ya tura ni ciki. Washegari in tara yara a zaure ina kwaikwayon faɗa da rawar Indiya. A hankali masu zama gun Iya suka ragu.

Ba ta taɓa ƙorafi ba. In iska ta kaɗo, waƙar fim kan iso har tsakar gidanmu, sama-sama. Wata rana ta kira ni da sunan wasan da take kirana.

"Maigida, matar nan da ke kuka cikin waƙa, me aka yi mata?"

"Ni faɗan nake kallo, Iya."

"To kai ni gindin katangar in ji da kunnena. Ba sai na shiga ba."

Bayan magariba na riƙe hannunta muka fita, tana taku a hankali, ta yafa mayafinta na zuwa biki. Muna karya kwanar ƙarshe na hango abokaina tsaye wurin mai gyaɗa, har da Ɗanliti, wanda in ya sa wa mutum suna sai ya bi shi shekara. Kunya ta kama ni. Na juya da ita na ce, "Iya, yau babu fim, injin ya lalace."

Ban rufe baki ba kiɗa ya tashi daga bayan katangar, tar a kunnen kowa. Ta tsaya jim, kanta a karkace, tana saurare. Sannan ta ce, "To, Allah ya gyara musu. Mu koma."

A wannan ranar ce ta ba mu tatsuniyar ɗan masunci. Ya ɗauki tsohuwarsa a kwale-kwale za su biki a ƙetare. Da ya hango samari a gaɓa cikin sababbin riguna, ya dubi tsohon zanenta, sai ya sauke ta a tudun yashi a tsakiyar kogi, ya ce yana zuwa. Ya shiga rawa ya manta. Ruwa ya sauko daga sama, kogi ya cika, tudun ya nutse. Ya yi ta nemanta yana kuka, har ya haƙura ya nufi gida. Yana shiga ya tarar da ita zaune, wai dorinar ruwa ce ta goyo ta. "Tsohuwar ta ce masa, 'Wanke hannu, tuwonka na hucewa.' Nan tatsuniya ta koma kogi abinta," in ji Iya. Yara suka yi ta dariyar dorina. Ni ban ɗaga kai ba, ban kuma ba ta haƙuri ba.

Damina na kamawa Iya ta rasu. Silimar ta ƙara wasu shekaru, bidiyo ya shigo gidaje, aka rufe ta. Yanzu buhunan masara ake tarawa a ciki.

Na girma ina zaton tatsuniyar nan tsawa ce ta yi mini a fakaice. Sai da na yi furfura, wata rana ina ba 'ya'yana ita a gaban Gwaggo Hajara, autar Iya, ta dakatar da ni.

"Ba haka take ƙarewa ba. Ruwa ne ya ci tsohuwar, yaron ya haukace yana bin gaɓa yana kiranta. Haka Iya take ba mu ita kullum. Wa ya gaya maka zancen dorina?"

Ashe a zaune a gaban murhun nan ta sauya ƙarshen, don kada in kwana da tsoro. Ta yafe mini tun ban roƙa ba, ni kuma ban gane ba sai da babu wanda zan ce wa na gode.