Ba Nasiru Ne Ya Ƙona Famfon Dudunni Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, kuma akwai abin da na yi masa wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ana iya warware aiki, shi zan fara warwarewa.

Ni mai haɗa wutar sola ne a Kankiya, karatuna bai wuce firamare ba. Shi ne ya yi karatun kwamfuta. Muka samu aikin rijiyar burtsatse a Dudunni, ya shirya ɗan akwati mai kunna famfo, ya kuma tsayar da shi da kansa in ruwa ya ja. Manhajar akwatin sai an harhaɗa ta a kwamfuta, a zaɓi direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa akwatin ya ji duk na'urar da aka jona masa. Direban ma'aunin ruwa ya ƙi haɗuwa, kullum sai jan rubutu ya fito a kwamfutar ya tsayar da aikin. Nasiru ya ce direban yana jingine ne da wani sashe da ba a kunna ba, sai an gano shi an kunna su tare.

"Yaya, jan rubutun nan ba zaginka yake ba," in ji shi. "Gaya maka yake akwai abin da ya ɓace."

Saura kwana biyu a buɗe rijiya zazzaɓi ya kwantar da shi, ga mai unguwa na ta aike. Na sha ganin yadda yake zaɓen, sai na cire direban gaba ɗaya. Manhaja ta haɗu lafiya lau. Aka yi addu'a, aka sha ruwa.

Da bazara ruwan ƙasa ya ja, akwatin bai ji ba, famfo ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Makiyaya suka kora shanunsu wani gari, aka ce aikin Nasiru ne. Ya san ni ne. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma na yi shiru har muka kai shi makwancinsa.

Abin da ke hana ni sukuni, masu gyara sun kwafi manhajar nan daga hannuna. Na san an sa ta a Yashe da Sukuntuni, sauran wuraren Allah kaɗai ya sani. Famfunan na juyi yanzu haka, ga bazara na tahowa. Da Nasiru na nan, da ya hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya, don bai taɓa barin aikin da bai gane ba. Ni ƙafa ta gaza.

Duk mai irin akwatin nan, ya tsayar da shi a duba. Ku kuma masu haɗa manhaja, don Allah in ta yi ƙorafi ku nemo abin da ta rasa, kada ku rufe mata baki kamar yadda na yi. Allah ya jiƙan Nasiru, ya sa ya yafe mini.