Hoton Inna Mai Baƙin Layi a Ido

Shekarun baya abokina ya ɗauki hoton mahaifiyata wuyanta a buɗe, ya buga a mujallar likitoci bai tambaye ta ba. Ni ban iya kewaye-kewaye ba, shi ya sa na fara muku da laifin.

Tare muka tashi da shi a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Ɗanbatta, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin dangar wani. Tare muka yi firamare, tare muka sha bulala a kan satar gyaɗa. Shi ya ci jarrabawa ya tafi makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, daga nan jami'a. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, lokacin da mahaifina ya rasu aka shiga shekarun matsi, shekarun da masu rumbu ma suka koma shan gari. Turancina bai wuce na karanta allon mota ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi min dariya a gaban mutane. Duk son da kunya ta hana ta nuna min, a kan abokina ta sauke shi. Tun yana yawo ba wando take ce masa Likita. In ya shigo, ƙanzon tuwo nasa ne, ni kuwa sai kallo.

"Inna, ni fa aka haifa a gidan nan," in ce.

"Wa ya ce ba kai ba ne? Tashi ka ɗebo masa ruwa."

Har yanzu in na ji ƙamshin daddawa a miyar kuka, tsakar gidan nan nake gani.

Inna tana da maƙoƙo. Ya fara kamar ƙwan zabo, ya yi ta girma har ya sauko mata ƙirji. Ba ta taɓa kuka da shi ba, naɗe shi take da mayafi ko ana zafin bazara. Mata sun san akwai wani abu a wurin, amma ba wadda ta taɓa gani. A lokacin asibitin da ke kusa da mu ko auduga babu, kuɗin zuwa Kano kuwa ba a maganarsa.

Wata damina abokina ya zo gida, ya zama likita na gaske, da kyamara a rataye. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, so nake na ɗauki hoton wuyan nan na nuna wa babban malaminmu, ko a samu yadda za a yi aiki."

Ta ce, "Hoto? Ni da ko na aure ban yi ba?"

"Shi kaɗai zai gani, Inna."

Sannan ta kore ni waje, ni ɗan cikinta, ta cire masa mayafin. Ina jingine da rumbu ina jin tana yi masa tsiya wai ya yi sauri kafin ƙarfen nan ya tsotse mata jini.

Aiki dai ba a yi ba. Muka yi ta jira har muka daina tambaya.

Bayan an kwana biyu sai ga mujalla ya aiko wa mahaifinsa, don ya ga sunan ɗansa a bugun Turawa. Tsohon bai iya boko ba, amma murna ta cika shi. Ya ajiye ta a zaure, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya miƙa masa ya ce, "Duba aikin ɗanku." Mutum kuwa in ka ba shi takarda sai ya juya shafi. A shafi na gaba ga Inna, daga kai zuwa ƙirji, ba mayafi. An ja baƙin layi a kan idanunta.

Wai an ɓoye ta ke nan. A can ƙasashen ƙila da ido ake gane mutum. Mu nan da tsaga muke ganewa. Ga billenta a kumatu, ga tsagar gidansu a gefen baki, wadda duk yankinmu zuriya ɗaya ce ke da ita. Ko makaho ya shafa zai faɗi 'yar gidan wane ce. Da na lallaɓa Turancin da ke ƙasan hoton, sai na ga har shekarunta da sunan ƙauyenmu an sa.

Na karɓe mujallar a ranar, amma maganar ta riga ta kai bakin rijiya. Wata tsohuwa ta shigo wai ta zo jaje, ta ce, "Ashe haka abin ya yi girma? Sannu, baiwar Allah." Inna ta tambaye ta a ina ta gani. Da aka faɗa mata sai ta ce, "Likita ba zai yi haka ba." Ba ta nemi ganin takardar ba. Amma daga nan ta daina zuwa biki da suna, matar da a da in ba ta iso ba ba a ɗora tukunya. Haka ta zauna a ɗaka har Allah ya karɓi abarsa. Abokina yana ƙasar waje lokacin, saƙon ta'aziyya ya aiko.

Sai daga baya wata 'yar ƙanwata da ta karanci aikin jinya ta ce min su kansu likitocin suna da ƙa'ida: ba a buga hoton mara lafiya sai an gaya masa a fili inda za a buga, ya yarda da bakinsa, kuma baƙin layin nan ba ya wanke kowa. Ni ban buƙaci ƙa'ida ba. Wanda ya ci ƙanzon tuwonta ya san me mayafin nan yake rufewa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, duk duniya ba ni da hotonta sai wannan. Nakan ɗauko na rufe wuyan da tafin hannu na kalli sauran. Idanun nake nema, babu.

Da mahaifin abokina ya rasu ya zo gida, ya yi furfura, ya yi tumbi. Na je na yi gaisuwa kamar kowa, na bari sai da aka share makoki. Na same shi a zauren nan dai.

Ya ce, "Abokina, ka guje ni."

Na ajiye masa shafin a cinya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi don ilimi na yi. Ai na rufe idon. Lokacin haka kowa ke yi."

Na ce, "Ba kowa ne ya kira ta Inna ba. Ka ce mata mutum ɗaya zai gani. Ni da ta haifa ta kore ni waje, kai ta buɗe maka. Da ka tambaye ta ƙila ta yarda, don ba ta taɓa hana ka komai ba, amma ba ka ga ta kai a tambaye ta ba. Ba ita ka ɓoye ba, idonta ka rufe don kada ta ga masu kallonta. Yafiya ba a hannuna take ba, mai ita tana maƙabarta, ka san hanya. Ni abu ɗaya na zo karɓa. Asalin hoton yana wurinka, wanda ba a ja wa layi ba. Ka nemo shi ka ba ni. Ina so na ga idon uwata."