Ranar da Na Zauna a Kan Robar Hajiya Binta

Tunda kun matsa sai na ba ku labari kafin in ajiye aiki, to ku gyara zama. Ban taɓa mantawa da ranar da na zauna a kan robar mayonis a tsakar gidan kansila ba. Waɗanda suka ji labarin a bakin wasu cewa suke wai iska ce ta buge ni. Ƙarya ne, da hankalina na yi, kuma gobe ma in ta kama sai na sake.

Lokacin ina ƙaramin asibitin wani ƙauye a gefen Makoda, irin wanda mutane ke kira sha-ka-tafi, ni ce mai kula da rigakafi. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, allurar rigakafin yara ba ta jure zafi, dole ta zauna cikin sanyi har ranar da za ta shiga jikin yaro. Saboda haka aka kawo mana firji mai aiki da hasken rana, aka damƙa mini makullinsa. Doka ita ce ba abin da ke shiga cikinsa sai magani. To duk faɗin ƙauyen babu wani firji sai shi, don wutar lantarki wayarta kawai muke gani a sama. Wannan ya zo da zoɓo, wancan da naman suna, ni kuwa in ce a'a. Baƙin jini dai na sha shi har na ƙoshi.

Wata bazara, ana irin zafin nan da kaza ke yawo baki buɗe, sai ga Hajiya Binta matar kansilan mazaɓarmu ta shigo da kanta, ɗauke da wata farar roba kamar bokitin fenti. Ta dire ta a gabana ta ce, "Hajara, taimako na zo nema. Gobe walimar saukar Alƙur'anin Ummi, autata. A sa mini wannan ya kwana a firjinku ya ɗan farfaɗo."

Na buɗe murfin. Mayonis ne, an ci kamar kwata. Mai ya taso ya kwanta a sama, gefe-gefen ya yi rawaya, ga ɓurɓushin kabeji da gwaiduwar ƙwai da cokali ya bari a ciki. Na ce, "Hajiya, yaushe aka buɗe shi?"

"Da ƙaramar Sallah, da baƙin Alhaji suka zo daga birni."

Sallar kuwa ta wuce da fiye da wata guda. Na ce, "A ina yake zaune tun lokacin?"

"Gindin randa mana, a kan jiƙaƙƙen yashi. Akwai inda ya fi nan sanyi? Nan nake ajiye goro da tumatir, ba su taɓa lalacewa ba."

Ban ga laifinta ba, haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Sai na yi mata bayani cikin ladabi. Na ce mayonis da ɗanyen ƙwai da mai ake haɗa shi. Muddin ba a fasa hatiminsa ba zai daɗe a kanti. Amma da zarar an buɗe, firji ne gidansa, a can ma bai kamata ya wuce wata biyu ba, kuma da tsabtataccen cokali busasshe ake ɗiba. Idan an haɗa abinci da shi an bari a waje, a zafi irin namu ko awa biyu ta yi yawa. Sanyin gindin randa na goro ne, bai kai ko kusa da wanda ake nufi ba.

Ta juya robar ta nuna mini rubutun jikinta. "Ga kwanan wata nan, Alhaji ya karanta mini, sai baɗi zai lalace."

Na ce, "Wannan na wanda ba a buɗe ba ne. Hajiya, firji mai rai yake tsarewa, ba ya tayar da matacce. Ko da doka ta ba ni dama, ba zan sa shi ba. Don girman Allah kada ki ba yara abin nan."

Ta ɗaure fuska ta ce, "Aron sanyi na zo, ban zo ɗaukar karatu ba." Ta suri robarta ta fice.

Kafin la'asar wayata ta yi ƙara. Malam Garba ne, mai kula da asibitocin shiyyarmu, wanda daga shi sai shugaban sashen lafiya. Ya ce, "Hajara, me ya haɗa ki da matar kansila? Kin hana firji, kin yi daidai. Amma ina ruwanki da abin da za ta dafa a gidanta? Ke duba-gari ce?"

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, duba abinci aikin duba-gari ne, shi kuma sai ranar kasuwa yake leƙo mu. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk 'yan Islamiyyar garin nan za su ci abincin nan, da ƙannensu na goye. Idan suka fara amai da gudawa, wurin duba-gari za a kai su ko wurina? Ruwan ƙarin da nake da shi ko na gida ɗaya bai isa ba."

Ya ce, "Shawara nake ba ki ta wa da ƙanwa. Kada in ji kin kai maganar nan gidan. Akwai ƙauyukan da ko ɗan acaɓa sai an roƙe shi yake zuwa, kuma suna neman ma'aikata."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Na ji ɗin kuwa, amma ai ban ce na yarda ba.

Washegari na yafa mayafina na tafi, tunda walima ba a hana kowa. Tsakar gida ta cika maƙil da mata, tukwanen shinkafa na tafasa. A gefe ga daro biyu shaƙe da yankakken kabeji da karas da dafaffen ƙwai, ga robar nan a tsakaninsu. 'Yan uwan Hajiya sun zo daga Kano, sai na gane abin da ke ranta, so take su ga ƙauye ma an iya salak irin na birni. Daga ƙofar gida kuwa kana jin muryoyin yara suna karatu. Rabinsu da hannuna na ɗiga musu rigakafi suna jarirai.

Na gaida mutane, na ja Hajiya gefe na sake roƙonta a asirce, don kada in kunyata ta. Ita ce ta ɗaga murya. Ta tsoma yatsa a robar ta lashe a gaban kowa ta ce, "Ga shi na sha, na mutu? Ko wari ba ya yi! So kike in zubar da abinci a ranar saukar Alƙur'ani, in zama almubazzara?"

Na ce, "Hajiya, ba kowace cuta ke wari ba, kuma cikinki ba irin na ɗan shekara uku ba ne. Ban rantse miki cewa zai cutar da su ba. Wataƙila su ci su tashi lafiya. Amma wallahi ba a cikin yaran mutane za a gwada ba."

Ta juya ta ce wa wata mai aikin abinci, "Ke, juye shi a daro."

Nan take na yi wuf na nufi robar. Na riga matar isa, na danna murfin, na tattare zanena na zauna daram a kai.

Gida ya ɗauki salati. Wata ta ce, "Ke Hajara, lafiyarki kuwa?" Na ce, "Ƙalau. Duk mai son robar nan sai ya ɗaga ni tukuna." Kun dai gan ni, ba a ɗaga ni da hannu ɗaya. Kuma kun san al'adarmu, ba a sa wa baƙuwa hannu a gidan taro. Kansila kansa yana zaure, ya ji hayaniya, amma ba shi da halin shigowa cikin matan mutane. Sai aike yake yi wai in tashi, ni kuwa ina mayar masa da gaisuwa.

Kada ku ɗauka ban ji tsoro ba. Rana na dukan tsakiyar kaina, ina tuna 'ya'yana da makarantarsu da maganar Malam Garba. Hajiya Binta kuwa har hawaye ta yi don takaici, ta ce na tozarta ta a gaban danginta. Wannan ya yi mini ciwo, don ba muguwar mace ba ce. Amma ban motsa ba.

Ana cikin haka sai Inna Ladi, mahaifiyar kansila, ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda. Ta dube ni, ta dubi daro, ta ce, "Wai ni kafin a kawo wannan farin abu, da me muke kwaɗa ganye a garin nan? Gyaɗa ta ƙare a ƙasar Makoda ne? Ku ɗauko ƙuli-ƙuli da turmi, yara na jin yunwa. Ita kuma ku ƙyale ta, ta samu kujera."

Ba ta ce ina da gaskiya ba, ba ta ce ba ni da ita ba. Nan take aka daka ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, aka kwaɗa kabejin. Ban tashi ba sai da na ga faranti na ƙarshe ya fita. Da na miƙe ƙafafuna sun yi tsami, ba wadda ta ce mini ga abinci. Inna Ladi ce ta ce, "Tafi da abarki." Na ɗauki robar na juye ta a ramin shara na bayan asibiti, na rufe da ƙasa.

Kafin damina ta sauka aka mayar da ni wani ƙauye can ciki, inda in an yi ruwa sai ka tuɓe takalmi ka ratsa rafi. Maigidana ya yi fushi, ya ce na jawo mana wahala a kan abin da ba a tambaye ni ba. A gari kuwa cewa aka riƙa yi, "To ga shi dai ba abin da ya faru, me ta tayar wa mutane da hankali?" Har yau Hajiya Binta ba ta amsa gaisuwata.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku sani haka yake. Wanda ya warkar da mara lafiya ana kai masa zabi har gida. Wanda ya hana cutar zuwa ba shi da shaida, don ba mai gode maka a kan ciwon da bai yi ba. In yabo kuke nema, ku nemi wata sana'a. Ni dai ranar walimar, da na bar gidan, asibiti na koma na buɗe ƙofa na zauna ina jira. Washegari ma haka, ina ta kallon hanya ko zan ga uwa ta taho da gudu da yaro a kafaɗa. Ba wadda ta zo. Gadajenmu biyu suka wuni babu kowa a kai, kuma duk tsawon aikina ban karɓi ladan da ya fi wannan ba.